Ƙaramin moto: ina ƙarfinsa ke tafiya, yaya ake maido shi?

 Yau za mu yi magana a kan wata dabba wadda ba ta cin ciyawa, amma ta shiga kowane gari da kowane ƙauye. Muna nufin ƙaramin moto.

A da, jaki da raƙumi da amalanke ne kaɗai ke kai amfanin gona kasuwa. Har yanzu suna nan, amma moto ya karɓi kaso mai yawa na aikinsu. Shi ke fito da albasa daga garaken Galmi zuwa bakin kwalta. Shi ke kai tumatir da salati daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi. Shi ke kai mace mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Samari masu yawa kuma da shi suke cin abinci, suna kabu-kabu.

Sai dai kukan masu moto ɗaya ne ko'ina: "Motona ya yi sanyi. Ba ya tashi, ba ya hawa tudu, ba ya gudu kamar da." Daga nan sai a nufi wurin mai gyara, a ce ya ƙara masa wuta. Wani ya fasa salansa, wani ya jefar da matatar iska, wani ya faɗaɗa hanyar esansi. Moto ya yi ta ruri kamar zaki, mai shi ya ji daɗi. Bayan ƴan watanni inji ya buga.

Abin da muke so a gane shi ne wannan: yawancin ƙarfin da moto ke rasawa, ƙura da rashin kulawa ne ke cinye shi, kuma ana iya maido shi da kuɗi kaɗan. Duk wani canji da za a yi bayan wannan musaya ce: sai ka ba da wani abu kafin ka samu wani.

Wane irin moto muke nufi?

Ƙananan babura da ke yawo a ƙasarmu iri uku ne.

Na farko su ne tsofaffin nan na Faransa, irin Mobylette da aka fara ƙerawa a 1949 da Peugeot 103 da ya fito a 1971. Su ne ake gauraya wa esansi da man inji a tanki ɗaya. Sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba.

Na biyu su ne masu sarƙa da giya, waɗanda aka ƙera bisa tsarin Honda Super Cub na ƙasar Japan, da ya fito a 1958. Yawancin ƙananan baburan Sin da suka cika kasuwanninmu tun daga shekarun 2000 jikokinsa ne. Galibi injinsu mai 100 ne ko mai 110.

Na uku su ne masu wurin ajiye ƙafa a gaba, waɗanda ba a sa musu giya. A maimakon sarƙa, bel ne ke juya tayarsu ta baya. Akwai mai 50, akwai mai 125. Mata ma'aikata da ƴan makaranta sun fi son su.

Waɗannan lambobi, 50 ko 110 ko 125, faɗin cikin silinda suke nunawa, wato ɗakin da esansi ke ƙonewa. Mai 50 yana da ƙarfin doki 3 zuwa 4. Mai 110 yana da 7 zuwa 8. Ƙarfin ba shi da yawa. Shi ya sa in ɗan kaɗan ya zube, nan da nan sai a ji a jiki.

Tashi daban, gudu daban

Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Akwai tashi, wato yadda moto ke zabura daga tsaye, da yadda yake jan kaya a tudu ko cikin rairayi. Akwai kuma ƙurewar gudu, wato iyakar saurin da zai kai a miƙaƙƙiyar hanya. Kamar sa ne da doki. Sa ya fi ja, doki ya fi gudu. Wanda ke fitar da buhu daga fadama sa yake bukata. Kafin ka taɓa motonka, tambayi kanka: wanne ne aikina ke so?

Abincin inji uku ne

Inji yana rayuwa da iska, da esansi, da tartsatsin wuta. Mutane sun fi kula da esansi, domin shi ake saye. Amma iska ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kafin litir ɗaya na esansi ya ƙone sarai, sai inji ya shaƙi iska kusan litir dubu 9. A lokacin hunturu, duk wannan iska cike take da ƙura.

Zafi ma yana da nasa rabo. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi. A ranar da zafi ya kai awo 45, kamar yadda yakan yi a watannin Afrilu da Mayu, iskar da inji ke shaƙa tana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100 in an gwada da ranar da zafi ke awo 20. Saboda haka in motonka ya yi nauyi da tsakar rana a bazara, amma da asuba ya yi garau, ba shi da ciwon komi.

Ayyuka takwas masu maido da ƙarfi

Ga abubuwan da za a duba, ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu mai moto zai iya yi da hannunsa.

1. Matatar iska. Ita ce hancin moto. In ta toshe, inji zai sha esansi da yawa, ya yi baƙin hayaƙi, ya kasa tashi. In ta soso ce, a wanke ta da ruwa da sabulu, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mata man inji kaɗan, a matse. Man ne ke kama ƙura. In ta takarda ce, ba a wanke ta: a kakkaɓe, in ta yi baƙi a sake sabuwa. Mai bin jar hanya kullum ya duba ta kowane mako a lokacin hunturu.

2. Buji, wanda wasu ke ce wa fulogi. Shi ke ba da tartsatsi, kuma shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa cikin inji. A kwance shi in inji ya huce, a dubi bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa, kamar gyaɗar da aka soya, komi daidai ne. In ya yi baƙin toka, esansi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya yi fari fat, esansi ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima, kuma wannan ya fi haɗari. In ya jiƙe da baƙin mai a moton da ba a gauraya masa mai, to zobban fistan sun gaji. Tazarar bakin buji a yawancin ƙananan injuna milimetir 0,6 zuwa 0,7 ce.

3. Esansi da karbiratar. Karbiratar ne ke gauraya iska da esansi. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai rami kamar na allura, masu gyara na ce masa jiklar. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe shi. Alamar haka ita ce moto ya riƙa shaƙewa in an ba shi wuta. A wanke jiklar, a hura shi da iska. Kada a tsokane shi da waya, domin ramin zai faɗaɗa. Wanda ke sayen esansin kwalba a bakin hanya ya ɗaga kwalbar ya duba: ruwa ya fi esansi nauyi, yana kwanciya a ƙasa. A tace da tsumma mai tsabta, kuma a sa ƴar matatar esansi tsakanin tanki da karbiratar. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

4. Bawul. Su ne ƙofofi biyu da ke shigar da iska su fitar da hayaƙi. In tazararsu ta matse, moto zai yi wuyar tashi da safe, ya riƙa mutuwa in ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu. In ta yi yawa, za a ji ƙas-ƙas a kan inji. Tazarar ƴar ƙarama ce, galibi tsakanin milimetir 0,05 da 0,10, kuma sai inji ya yi sanyi ake auna ta. Wannan aikin mai gyara ne wanda ke da abin awo. Tsofaffin babura masu gaurayen mai ba su da bawul. Su nasu ciwon shi ne gawayi da ke taruwa a bakin silinda da cikin salansa. In aka kankare shi, sai moto ya farfaɗo.

5. Man inji. Ƙaramin inji ba ya ɗaukar ko litir ɗaya cikakke, kuma ba shi da ruwan sanyaya shi. Iska da mai ne kaɗai ke rage masa zafi. A ƙasa mai ƙura da zafi kamar tamu, ya kyautu a juye mai kowane kilometir 1000 zuwa 1500. A sayi wanda aka yi domin babura, cikin galan rufaffe. A moto mai giya, man mota yana iya sa kulocinsa ya riƙa sulɓi: inji na ruri, moto ba ya gaba. A kuma wanke laka daga haƙarƙarin silinda, domin ta nan zafi ke fita.

6. Iskar taya. Wanda ya taɓa tura amalanke mai saɓaɓɓiyar taya ya san wahalar. Haka inji ke ji. Galibi tayar gaba tana son kilo 1,75, ta baya kuma kilo 2 zuwa 2,25, musamman in da goyo. Ana rubuta awon daidai a jikin moto ko cikin littafinsa. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Danna yatsa ba awo ba ne.

7. Sarƙa da birki. Sarƙar da ta bushe ko ta ɗaure tamau tana cin ƙarfi. A bar mata wasa na santimetir 2 zuwa 3 a tsakiyarta. A wanke ta da kananzir, a sa mata mai kaɗan, a goge sauran, domin mai da rairayi in sun haɗu dutsen niƙa ne. Sannan a ɗora moto kan ƙafarsa ta tsakiya, a juya kowace taya da hannu. In ta tsaya nan take, birki yana kamawa, ko ƙwallayen cibiyar taya sun lalace. Moto mai irin wannan ciwo kamar mai gudu ne da aka riƙe wa riga.

8. Kaya. Moto mai 110 nauyinsa ya kusa kilo 100. Da mai tuƙi ya zama kamar 170. In aka ɗora buhun hatsi mai kilo 100, ya koma 270. Da wannan kaɗai tashinsa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Abin da masu ƙera irin waɗannan babura ke yarda a ɗora musu, har da mai tuƙi, bai cika wuce kilo 150 da ƴan kai ba. Babu mai gyaran da zai sa moto ya ɗauki mutum uku da buhu, ya kuma tashi kamar barewa.

Yaya za ka san aikin ya yi? Cika tanki, ka rubuta lambar kilometir. In ka sake cikawa, ka raba tafiyar da ka yi da litir ɗin da ka zuba. Moto mai 110 mai lafiya yana yin kilometir 40 zuwa 50 da litir ɗaya. Ka kuma zaɓi wani tudu da ka saba hawa, ka lura da giyar da yake hawa da ita kafin gyara da bayan gyara. Kunne yana ruɗi, amma lissafi ba ya ƙarya.

Musaya ta farko: haƙoran sarƙa

In an gama waɗannan ayyuka takwas, mai moto yana iya zaɓa tsakanin sa da doki. A moto mai sarƙa akwai faifan haƙora biyu: ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya. Da yawa suna zuwa da haƙora 14 a gaba, 36 a baya.

A ce da haka motonka yana ƙurewa a kilometir 80 cikin awa. In ka sa na baya mai haƙora 38, ƙarfin ja zai ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100, amma gudu zai sauko zuwa 76. Wannan shi ya dace da mai garka, da mai bin rairayi, da mai ɗaukar kaya.

In kuma ka sa na gaba mai haƙora 15, a lissafi gudu zai kai 86. Amma ja zai ragu da kusan kashi 7 cikin 100. Sau da yawa inji ba shi da ƙarfin cika wannan alkawari. Da ka ɗauki goyo, ko iskar gabas ta tare ka, sai ka ga ko 80 ɗin da ba ka kai ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne mai doguwar tafiya shi kaɗai bisa kwalta, kamar daga Birnin Ƙonni zuwa Tawa: inji zai rage ihu, ya rage shan esansi.

A riƙe wannan: haƙori ɗaya a gaba daidai yake da biyu da rabi a baya. Kuma in za a sake, a sake sarƙa da faifan biyu tare. Sabuwar sarƙa bisa tsofaffin haƙora ba ta daɗewa.

Musaya ta biyu: bel da ƙwayoyi

Moto marar giya shi ke sake wa kansa giya. A bakin inji akwai faranti biyu da ke fuskantar juna, bel yana tsakaninsu. A bayan ɗaya akwai ƙwayoyi shida masu nauyi, masu gyara na ce musu gale. In inji ya ɗauki juyi, ƙwayoyin sai su watsu waje, su matse farantan, bel ya hau sama. Hawan bel shi ne ƙarin gudu.

Bel yana cinyewa ta gefe. In ya sirance da milimetir ɗaya ko biyu, ba zai ƙara kai ƙarshen faranti ba, sai gudu ya ragu ko da inji lafiya lau yake. Ƙwayoyin ma suna daddaƙewa, gefensu ya baje, moto ya riƙa fizga. Sau da yawa sabon bel da sababbin ƙwayoyi su ne duk maganin. Ba a sa wa bel mai ko kaɗan.

Ƙwayoyi marasa nauyi suna barin inji ya ɗauki juyi sosai kafin bel ya hau, sai tashi da hawan tudu su ƙaru. In sun cika rashin nauyi, sai ihu da shan esansi ba tafiya. Masu nauyi suna rage ƙara da shan esansi, amma tashi ya yi sanyi. Wanda zai gwada ya canza da rabin giram ko giram ɗaya kawai, kuma duka shidan su zama nauyi ɗaya.

A ƙasashen Turai doka ta ce moto mai 50 kada ya wuce kilometir 45 cikin awa. Domin haka wasu da ake kawowa daga can suna da wani zobe tsakanin farantan biyu, mai hana bel kai ƙarshe. In aka cire shi gudu yana ƙaruwa. Amma birki da taya suna nan yadda suke. Irin wannan moto galibi yara ne da ƴan mata ke hawa. Uba ya yi tunani sau biyu kafin ya yarda a taɓa zoben.

Doka ɗaya ta haɗa duk waɗannan canje-canje: a canza abu ɗaya, a gwada, a dubi buji, sannan a wuce gaba. Wanda ya canza abu uku rana ɗaya ba zai san wanda ya gyara da wanda ya ɓata ba.

Abubuwa huɗu da ke kashe inji

Cire matatar iska. Ƙura za ta shiga kai tsaye, ta goge silinda da zobba kamar yadda rairayi ke goge tukunya. Iska kuma za ta rinjayi esansi, inji ya yi zafi, har fistan ya huje.

Fasa salansa. Ƙara ce ke ƙaruwa, ƙarfi bai cika ƙaruwa ba. Sau da yawa ma tashi raguwa yake yi, musamman a tsofaffin babura masu gaurayen mai, waɗanda injinsu ya dogara ga siffar salansa. Ƙarar kuma tana cin kunnen mai tuƙi a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Tana firgita dabbobi a hanyar kasuwa, tana hana marar lafiya barci.

Sa babban jiklar. Esansin da ya wuce iskar da ke akwai ba ya ƙonewa. Hayaƙi yake zama, ya baƙanta buji, ya sauka cikin man inji ya tsinka shi. Kuɗinka ne ke fita ta salansa.

Sa babban silinda ba tare da lissafi ba. Ana sayar da silinda mai mai da mai 50 ya zama kamar mai 70. Wannan kam yana ƙara ƙarfi na gaskiya. Amma sauran ƙarafan inji an ƙera su ne daidai da ƙaramin fistan. Zafi zai ƙaru, shan esansi zai ƙaru, kwanan inji zai ragu. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin motonsa, gara ya tara kuɗi ya sayi babba.

Mi ya sa ƙarin gudu ke da wuya?

Iska ce ke tare moto. Duk wanda ya taɓa tafiya da faifai a hannu ranar iska ya san haka. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ake bukata domin keta iska yana ninka takwas. Domin a ƙara gudu da kashi 10 cikin 100 kawai, wato daga 80 zuwa 88, sai an ƙara wa inji kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Babu fasa salansar da za ta ba da wannan. Shi ya sa samari ke kwanciya bisa tanki domin su kauce wa iska. A wannan kwanciya ba a ganin hanya da kyau, ƙafa kuma ta yi nisa da birki.

Lissafin da ya shafi rai

Yanzu mu zo kan lafiya. Daga lokacin da ido ya ga haɗari zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, ana yin kamar daƙiƙa ɗaya. A cikinta moto yana ci gaba da tafiya. Ga lissafin tsayawa bisa busasshiyar kwalta, da birki mai kyau:

Mai gudun kilometir 40: metir 11 kafin ya taka birki, metir 10 bayan ya taka. Duka metir 21.

Mai gudun kilometir 60: metir 17 da metir 23. Duka metir 40.

Mai gudun kilometir 80: metir 22 da metir 41. Duka metir 63.

A jar hanya, ko da kaya, ko da suɗaɗɗiyar taya, nisan ya fi haka ƙwarai. A ce akuya ko yaro ya ɓullo metir 25 a gabanka. Mai gudun 40 zai tsaya. Mai gudun 80, lokacin da zai isa wurin, yanzu ne ma ya fara taka birki.

Wanda ya yi karo yana gudun kilometir 50, daidai yake da wanda ya faɗa busasshiyar rijiya mai zurfin metir 10. In gudun 70 ne, rijiyar ta kusa metir 20.

To, mi ake samu? Tafiyar kilometir 20 daga ƙauye zuwa kasuwa, mai gudun 50 zai yi ta cikin minti 24. Mai gudun 60 zai yi ta cikin minti 20. Minti 4 ne ribar. Ko mai naƙuda aka ɗauko, abin da zai cece ta shi ne moto mai tashi bugu ɗaya, mai fitila da birki, wanda ba zai mutu a tsakiyar daji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a shekara. Shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Hukumar ta kuma nuna cewa duk lokacin da gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗari mai kisa yana ƙaruwa da kusan kashi 4.

Hular kwano, wato kaske, tana rage mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana rage raunin kai da kusan kashi 70. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa. Rawani da hula ba sa tare dutse. Wanda aka goya ma kai gare shi. Saboda haka, kafin a kashe ko dala wajen ƙarin gudu, a fara da takalman birki, da taya, da fitila, da kaske biyu.

Lafiya a wurin gyara

Kada a zuƙi esansi da baki ta tiyo. In ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana ƙona shi. Wanda ya haɗiye esansi, babba ko yaro, kada a sa shi amai: a kai shi gidan likita nan da nan. Kada a ajiye esansi cikin kwalbar lemo inda yara ke kai hannu.

Kada a bar inji yana aiki cikin zaure ko shago rufaffe. Cikin hayaƙinsa akwai guba marar wari marar launi, mai sa ciwon kai da jiri, har ta kashe mutum.

Kada a kwance karbiratar kusa da murhu, ko mai shayi, ko mai shan taba.

Baƙin man da aka juye guba ne. Kada a zuba shi kusa da rijiya, ko cikin garka, ko inda dabbobi ke sha. Kada a shafa shi a gyambon mutum ko a ƙurajen dabba. A tara shi cikin galan rufaffe. Mai gyara ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

A taƙaice

Mai moto, fara da abin da ba ya cin kuɗi: matatar iska, buji, iskar taya, sarƙa, birki. Sannan mai da bawul da karbiratar. In bel gare shi, dubi bel da ƙwayoyi. Bayan haka, in aikinka na kaya ne da rairayi, ƙara haƙora a baya, ka haƙura da gudu. Bar salansa da matata inda mai ƙira ya sa su. Moton da aka kula da shi haka zai yi tashi mai kyau, ya rage shan esansi, ya daɗe yana ciyar da gida.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Masu jiranka a gida ba sa tambayar gudu nawa ka yi. Sallamarka a ƙofar gida suke jira. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.